Wanda Ke Buɗe Mini Shinge

Ƙarfe bakwai da minti ashirin na safiyar wata Asabar na tsaya a ƙofar shingena, na ga ƙullin igiyar ba nawa ba ne. Na san lokacin daidai domin na saba rubuta lokaci a saman shafi kafin in taɓa komai, kuma na riga na rubuta kafin idona ya kai kan igiyar. Ni ƙulli biyu nake yi, in soke bakin igiyar ta hagu. Wannan kuwa zarge ne, irin wanda ake yi wa akuya a turke, a ja baki ɗaya ya warware.

Ina shekarar ƙarshe a jami'a lokacin, ina karatun tsirrai da dabbobi. Binciken da zan kammala da shi a kan kiwo ne: me shanu ke yi wa ƙasa da ciyayi da ƙananan halittun da ke zaune a cikinsu. Malamin da ke duba aikina ya tsara mini shi a sauƙaƙe. In sami fili biyu masu girma ɗaya, ɗaya a buɗe inda shanu ke kiwo, ɗaya a killace inda ko kofato ba zai shiga ba, in riƙa ƙirga abin da ke cikinsu kowane mako. Ya ce kada killataccen ya gaza mako takwas a jere ba tare da dabba ta shiga ba, in ba haka ba babu abin da zan kwatanta. Wannan Asabar ita ce ta goma.

Gidanmu a Ƙofar Marusa yake. Filin kuwa yana can bayan Ƙofar Guga, a ƙauyen kakana na wajen uwa, wanda gari ya riga ya cimma har ba a san inda ƙauyen ya fara ba. Gidajen bulo marasa rufi sun kewaye gonarsa ta gefe biyu. Ni na zaɓi wurin da kaina a farkon damina. Tsakanin gonar Kaka da ta maƙwabcinsa akwai wani ɗan tsiri da ba a nomawa, da jerin aduwa a kowane gefe. Ban ga wuri mai yawan ciyayi kamarsa ba a duk yankin: gamba, kyasuwa, harƙiya, burburwa, ga 'yan gawo da ba su kai gwiwa ba. Wata 'yar siririyar hanya ta bi ta gefe ɗaya, na rubuta ta a littafina da sunan hanyar ƙafa. Na auna da tef, muka kafa itatuwa, muka ja waya, muka jera ƙaya. Aka yi ƙofar zana biyu, gabas da yamma, don in riƙa shiga ta ɗaya in fita ta ɗaya ban tattake abin da na ƙirga ba. Shawarar ƙofa biyun ta Kaka ce, na kuma yaba masa a kanta.

Da na shiga ran nan ban fara ƙirga ba, sai na durƙusa ina duba ƙasa. Babu sawu. Amma a kan 'yar hanyar akwai layi-layi sirara, kamar an bi da tsintsiya. Wa zai share daji? A jikin ƙayar ƙofar yamma, ta ciki, na ciro farin gashi gajere guda uku, na naɗe su a takarda. Sai gamba. Makonni ina ganin kan ganyenta a gutsure, ina rubuta cewa fara ce. Ranar na kawo ganyen kusa da idona. Fara tana ci ne tana barin baki kamar zarto. Wannan fizga aka yi.

Na sami Kaka a gindin gawonsa yana gyara ƙotar fartanya. Duk duniya shi kaɗai nake iya yi wa magana ba muryata ta shige ciki ba, saboda wasan jika da kaka ya ba ni wannan dama tun ina ƙarama. Muka gaisa, ya tambayi Inna, ya tambayi mutanen birni ɗaya bayan ɗaya.

"Amarya, yau me aka kawo wa maigida? Ko biro zan ci?"

"Kaka, wani ya buɗe mini shinge."

"Ash-sha. Me aka sata? Ciyawa?"

"Ba wasa nake ba. Ƙullin ba nawa ba ne."

"Ke har ƙulli sani kike? Lallai na auro wahala." Ya buga ƙotar a ƙasa ya duba bakinta. "Ya naki yake?"

Na ɗauki wani guntun igiya na nuna masa, biyu, sannan ta hagu. Ya kalla da kyau, ya ce iska ce ko yara, in bar abin a hannunsa. Na tafi ina jin daɗin cewa ina da mai tsaro.

A napep ɗin komawa na fara jera mutane a raina. Na farko wata 'yar ajinmu da muke ƙarƙashin malami ɗaya, wadda ta taɓa cewa a gaban mutane wai ni ciyawa ma sai na tambaye ta sunan ubanta. Har na kwana biyu ina kallon takalminta ko zan ga jar ƙasa. Ba ta ma san hanyar wurin ba. Na biyu dillalan filaye, masu zuwa da mota su tsaya a bakin gonar Kaka suna nuni da makulli. Na ce ko shingen ne ya tsone musu ido, suna ganin wani ya riga su. Amma dillali ba ya barin farin gashi a jikin ƙaya. Sai na uku, wanda tun a ƙofar shingen zuciyata ta riga ta kama, na yi ta kewaye-kewaye ne kawai don kada in ce na yi gaggawa.

Wani dattijon Bafulatani ne mai shanu goma sha huɗu, na san yawansu don suna cikin aikina. Kaka yana kiransa Ardo ko da yake ba shi da sarautar komai. Rugarsa tana gabas da gonakin, tafkin da yake shayarwa yana yamma, kuma a bakin tafkin nan filina na biyu yake, buɗaɗɗen. Wurin ya ci wuya. Ƙasa ta daddaɓe kamar daɓen ɗaki, ruwan sama ba ya shiga, sai ya gudu ya yanka ƙananan kwazazzabai zuwa tafkin. Abin da ya rage tsaye sai wanda shanu ba sa so, tumfafiya da tafasa da ƙarangiya. Duk ɗan itacen da ya leƙo sai an cinye kansa. A can balbela kawai nake rubutawa, sai ƙadangare. A cikin shingena kuwa na taɓa tayar da fakara, na ga ramin kurege, na ga bushiya ta naɗe a gindin gamba. Wannan bambanci shi ne dukan aikina, kuma ina alfahari da shi a ɓoye. To mai shanun da ke kallon ciyawa har ƙugu a bayan ƙaya, shanunsa na lasar ƙasa, me zai hana shi jan igiya?

Ban gaya wa Inna ba. Da ma ba ta son zuwana. Kowace Asabar sai ta ce in dawo kafin azahar, ta ce zamani ya canza, wanda ka sani jiya ba shi ne na yau ba. A napep ma zancen ke nan, da an hango sanda da malafa sai hira ta karkata. Ina jin irin maganar ina ƙin ta, amma ga shi na ɗauko ta na sa a aljihu tare da gashin nan uku.

Asabar ta gaba na tarar da Ardo a bakin tafki. Na shirya tambayata tun a gida, har na rubuta ta a bayan littafi. Muka gaisa, ya tambayi karatu, na tambayi shanu.

"Malama, har yanzu ana ƙirgar?"

"Ana yi, Baba."

"Nawa kika samu yau?"

Na ce iri biyar. Ya yi dariya, ya nuna gidajen bulo da sandarsa. "Can inda tankin ruwan nan yake, da sai in kwanta a ciyawa yarana su yi ta nemana. Zabin daji har cikin shanu suke shiga. Yanzu duk mun taru nan kamar an zuba mu a ƙwarya. In kin rubuta shanu sun cinye wuri, ki rubuta da wanda ya cinye na shanu."

Na ce to. Tambayar tana bakina. Ya dube ni, ya dubi wajen shingen, ya kawar da kai ya yi wa wata saniya tsawa alhali ba ta yi komai ba. Na rubuta a gefen shafi: ya ƙi kallon shinge. Na ja layi biyu a ƙasa. Ban tambaye shi ba.

Abin da ba na iyawa da baki sai na yi shi da dabara. A makon ƙullin ya dawo nawa sak, biyu, ta hagu, har na fara cewa ko an daina. Duk da haka na ciro baƙin zare daga kayan ɗinkin Inna, na ɗaura shi a ƙofar yamma ta ciki, daidai gwiwa, inda mai buɗewa ba zai lura ba. Na barbaɗa toka kaɗan a kan 'yar hanyar. Na ɗauki hoton ƙullin da wayata. Ban gaya wa kowa ba, har Kaka, ba don ina zarginsa ba, sai don na san zai mayar da abin abin dariya a majalisa.

Da na dawo bayan kwana bakwai, ƙulli nawa ne, ya yi daidai da hoton. Zaren ya tsinke. Tokar babu ita, sai layin tsintsiya.

Na daɗe tsaye. Wanda ke shiga ya san ƙullina. Mutum ɗaya na nuna wa shi. Na ce a raina ƙila Kaka ya ba da labari a masallaci, ya kwatanta da hannu, wani ya ɗauka. Na riƙe wannan bayani har gida, amma bai zauna ba.

Ranar Laraba ba ni da darasi da safe. Na ce wa Inna zan je ɗakin karatu, wadda ita ce ƙarya ta farko da na tuna na yi mata da girmana. Na sauka nesa da gonar, na bi ta bayan wani kango, na tsuguna a cikin kalgo inda nake hango ƙofofin biyu. Raɓa ta jiƙa mini zane. Na rubuta lokaci.

Ba a jima ba Kaka ya fito daga cikin geronsa, da tsintsiya a hammata da tsohuwar tasa a hannu. Ya kwance ƙofar gabas, ya bi ta ciki ya kwance ta yamma, ya tsaya a tsakiya ya ware hannuwa, bayansa ga ciyawata. Sai ga shanun. Suka shigo ɗaya bayan ɗaya a kan abin da na kira hanyar ƙafa, ba wanda ya nuna musu. Ardo yana baya yana yi musu magana ƙasa-ƙasa. Kowace ta zo sai ta miƙa wuya ta gefen Kaka ta fizgi gamba, shi kuma yana kora da hula.

"Ardo, ja mini wannan jar, za ta kashe mini aure!"

"Ai ita ma karatun take so, Alhaji."

Suka wuce. Kaka ya bi hanyar a duƙe yana kwashe kashin shanu a tasa, ya watsa a gonarsa. Ya share sawu yana ja da baya. A ƙofa ya daɗe yana fama da igiya, ya ƙulla, ya duba, ya kwance, ya sake, ya soke ta hagu. Sannan ya dafa ƙugu ya miƙe da kyar.

Ban fito ba. Na jira har ya shige cikin gero, na koma ta bayan kango.

Da yamma Inna tana tankaɗe na tambaye ta, kamar ba komai, ko ta tuna wani tsiri tsakanin aduwoyi a gefen gonarsu.

"Burtali? Me ya same shi?"

Na ce a nan na yi shingena. Ta ajiye rariya.

"Ke! Burtali kika rufe? Ba a gonar Baba kika ce ba?"

Na san kalmar, na taɓa karanta ta, na ma taɓa amsa ta a jarrabawa. A raina burtali wani babban abu ne mai faɗi a cikin daji, ba ɗan tsirin da zan auna da tef ba. Inna ta ce da ya fi haka faɗi sau nawa, manoma suka yi ta ci kaɗan-kaɗan, fuloti suka cinye sauran. Ba a nomansa, ba a rufe shi, ba na kowa ba ne, hanya ce ta shanu zuwa ruwa idan shuka tana ƙasa. Ta ce in aka toshe shi da damina, shanu ba su da inda za su bi sai cikin geron mutane, kuma a wannan zamani ba a san inda irin wannan ke tsayawa ba. "Kuma Baba yana kallo ya bar ki?" Ta ɗauki rariyarta. "Haka yake. Bai taɓa iya ce miki a'a ba."

Ban damu da wannan ba a lokacin, gaskiya. Lissafi nake yi. Malam ya ce in kawo sakamakona ranar Litinin. Ranar da na ga zarge ita ce Asabar ta goma. Idan a makon aka fara buɗewa, ina da mako tara masu tsabta, sun isa, in yanke sauran in zubar. Amma na ga da idona tsohon nan ya iya ƙullina. Shin ranar da na nuna masa ya koya, ko da ma ya iya, aka yi sa'a ranar wani ya ɗaure? Na ɗauko littafin daga shafin farko. Gutsurarriyar gamba da na ɗora wa fara tana nan tun mako na uku. Hanyar da nake jira ciyawa ta rufe, kowane mako na rubuta: ba ta rufe ba tukuna. Fakara da bushiya da 'yan gawo, duk abin da nake shirin cewa rashin shanu ne ya kawo su, ban san kuma me zan ce a kansu ba. Kowane shafi na buɗe sai ya zama abin zargi, har rubutun hannuna.

Akwai wata hanya, kuma na dube ta. Babu wanda ya sani a jami'a. Kaka ba zai faɗa ba, Ardo ba zai faɗa ba. In miƙa lambobin yadda suke, bambancin yana nan, Malam zai ji daɗi. Na fara kwafe su a takarda mai kyau ranar Juma'a, na kai mako na huɗu, hannuna ya ƙi. Ba zan ce tsoron Allah ne kaɗai ba. Ban iya rubuta lambar da ban yarda da ita ba, kamar yadda ban iya barin littafi a kife.

Asabar na sami Kaka a gindin gawo. Bayan gaisuwa ban zauna a tabarma ba, na tsuguna a gabansa.

"Amarya, yau fuska ba annuri. Kishin wa ake?"

"Kaka, ranar Laraba ina cikin kalgo."

Ya dubi kalgon, ya dube ni. "Da macizai? Uwarki ta sani?"

"Na ga komai. Ba faɗa na zo yi ba. Abu ɗaya nake so in sani. Tun yaushe?"

"Ai ba su ci da yawa ba. Ina tsaye. Jar nan ce kawai ba ta jin magana."

"Tun yaushe, Kaka?"

"Kashin ma ba na bari ya kwana. Ki tambayi bayana."

"In daga baya ne aka fara, aikina yana nan. In tun farko ne, babu shi, sai in koma in gaya wa Malam, in jira wata daminar. Kada ka duba wanne zan fi so. Ka gaya mini kawai."

Muryata ta fara shigewa ciki, abin da ba ta taɓa yi a gabansa ba. Ya lura. Ya cire hularsa ya duba cikinta, ya mayar. Bai kira ni amarya ba.

"Ɗiyata, ranar da muka gama shingen nan kika hau mota, ban kai ga alwalar la'asar ba shanu suka dawo daga ruwa suka tsaya a ƙofar yamma suna kallona. Tun ranar ne. Safe da yamma, ranar Asabar kuwa tun asuba Ardo kan ratsa da su kafin ki iso. Ko kwana ɗaya wurin nan bai taɓa yi a rufe ba."